Fuskar Illo a Bangon Sahura

In ka sauka tashar Dogondutsi ka ce Mahmuda kake nema, za a tambaye ka wanne, don garin bai rasa Mahmudai ba. Amma ka ce Mahmuda Mai Fenti, kowane ɗan kabu-kabu zai kai ka ba tare da ya waiwayo ba. Dogo ne siriri, ya haura sittin, farcensa bai taɓa kwana da launi ɗaya ba. Kawunan da ke allon masu aski, kazar da ke ƙofar mai gashi, zakin da ke bayan motar Tibiri, duk hannunsa ne. Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru. Matarsa Ajuma takan ce halin jakin da ya jawo amalanken da ya kawo shi gari ya kwaso, kuma har yau bai mayar ba.

Daga Ɗan Kassari ya zo, yana saurayi, a wata shekara da hatsi ya ƙi. Cin rani ya kawo shi, dako yake yi a tasha. Ran nan ya ga wani gajeren mutum a kan tsani yana zana doki a bayan babbar mota, sai ya aje buhun mutane ya saki baki. Mutumin ya leƙo ya ce, “Kai dogo, in kallo kaz zo, riƙe mini gwangwanin ga.” Ya riƙe. Bai sake komawa dako ba.

Mutumin nan shi ne Illo, ɗan Geceme, mai faɗa kamar ya ari baki. Bai san boko ba, bai san ajami ba. In aka ba shi rubutun allon shago, kwaikwayonsa yake yi kamar yadda zai kwaikwayi ƙahon bijimi. Amma ya zana maka raƙumi, sai ka matsa gefe kada ya taka ka. Babban aikinsa yana cikin ɗakin abincin Sahura, kusa da tasha, bango guda daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ranar kasuwa ya zana: mota ta yi lodi har ta karkace, mai nono da ƙwarya a ka, ’yan kokawa biyu sun sarƙe, raƙumi yana hararar kowa, can baya ga dutsen garin a tsaye. A ƙasa ta hannun dama, inda masu ilimi ke sa suna, Illo ya zana kansa, hula a karkace, kofin shayi a hannu, yana kallon masu cin tuwo kamar zai ce su rage masa.

Da Illo ya rasu, Mahmuda ya ɗauki bangon ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi. Kowace kaka, in damina ta ja, sai ya zo da gwangwanayensa ya gyara inda hayaƙi ya ci da inda laima ta ɓamɓare. Sahura ta zuba masa tuwo, ya ci, ya tafi. Haka aka yi ta yi har gashinsa ya yi fari, har Sahura ma ta bi Illo, aka kulle ɗakin.

To, Mahmuda yana da fada. Ƙarƙashin dogon yaron da ke gaban rumfarsa ake zama bayan la’asar, a ɗora shayi, a yi gardama a kan kokawa da farashin hatsi har a kira magariba. A cikinsu akwai Sani, mushe ne, wato malamin makaranta, a kolej, faransanci yake koyarwa, da Luƙman mai gyaran babur, wanda bakinsa ba ya mutuwa. Bara da rani Sani ya dawo daga Yamai da wani littafi da ya tsinta wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Bangon littafin ya cire, sunansa ma ba wanda ya sani. Ya ce labarin kisan kai ne a cikin masu zane, bari ya riƙa karantawa yana juya musu da Hausa.

Luƙman ya ce, “Mushe, mu da munka gudo daga ajin lakwal, ka biyo mu har gindin icce?”

Aka yi dariya. Amma kafin shayi na biyu ya nuna, ba mai motsi.

Wani tsohon mai zane aka tarar a mace a ɗakin aikinsa, a wata ƙasa mai sanyi, kuma zanensa mafi daraja, hoton wata mata mai gyaran kifi, ya ɓace. Mai binciken wani komiser ne na ’yan sanda, mai ciwon gwiwa, ba ya ɗaga murya, sai dai ya zauna ya yi ta tambayar mutum abin da ya ci da safe har mutum ya yi tuntuɓe da harshensa. Fadar ta kamu. Luƙman ya fara rufe garejinsa da wuri. Wani mai awon hatsi ya rantse matar mamacin ce, washegari ya janye rantsuwarsa. Abin da ya fi burge su, kowa a littafin yana da dalilin da zai sa ya yi kisan, kuma kowa kana jin tausayinsa. Mahmuda kuwa wani abu daban ya kama shi. Da aka zo inda tsohon ya ƙi taɓa abinci sai ya wanke burushinsa, ya buga cinya ya ce, “Aradu wanda yar rubuta wanga ya taɓa zama da mai fenti!” Daga ranar ya fi kowa ƙaguwa a san wanda ya yi kisan. In Sani ya makara, shi ke aikawa a kira shi.

Wuri ɗaya ne littafin ya ɗaure musu kai. Komiser ya kama wani mutum da ya koyi aiki a hannun tsohon, wai don yana zane irin na maigidansa sak, har masana ba sa rarrabewa.

Mahmuda ya ce, “Tsaya, Mushe. Mi yay yi?”

“Ya kwaikwayi hannun maigidansa.”

“To, sai mi? Mutum ya iya hannun maigidansa har ba a ganewa, sai a kama shi? Nan garin rago za a yanka!”

Kowa ya goyi bayansa. Sani ya yi ta bayani, ya ce can suna ake saye, in ba hannun mai sunan ba ne ya taɓa zanen, to ƙarya aka sayar. Suka ce Turawa dai da neman magana. Sai Luƙman ya juyo yana murmushin mugunta.

“Ashe Baba Mahmuda, kai ma jandarma ya kamata su zo su tai da kai. Bangon Sahura da ake cewa na Illo, shekara nawa kana lafta mishi fenti? Ko jelar raƙumin nan ba ta Illo ba ce yanzu.”

Mahmuda ya taya su dariya, amma maganar ta soke shi. Washegari ya karɓo makulli wajen ’ya’yan Sahura, ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya bi bangon da ido. Motar, shi ya sake ta. Mai nono, shi. ’Yan kokawa, raƙumi, dutsen, duk ya bi ta kansu ba sau ɗaya ba. Wuri ɗaya kawai burushinsa bai taɓa sauka ba, fuskar Illo. Kullum in ya zo nan sai hannunsa ya ƙi, ya ce sai baɗi. Ta dushe, ta yi duhu da hayaƙi, amma ita kaɗai ta rage a duniya da Illo ya shafa da hannunsa. Ya ja ƙofa ya kulle, ya mayar da makullin.

Ba a jima ba Abdulmajid ya zo fadar. Matashi ne ɗan kasuwa, mai sayar da wayoyi da fitilun sola, gemunsa a gyare, wandonsa bai kai idon sawu ba. Yaro ne mai ladabi, kowa ya shaida. Ya yi sallama, ya gaida kowa, sannan ya durƙusa kusa da Mahmuda.

“Baba, na kama hayar ɗakin marigayiya Sahura, zan buɗe butik, shagon kayana. Aiki na kawo maka. Ina son a kankare bangon nan a shafe shi da shuɗin fenti kafin kayana su iso daga Ƙwanni.”

Mahmuda ya aje kofinsa.

“A kankare?”

“Baba, ka yi haƙuri. A ciki zan wuni, a ciki zan yi salla. Ba zan iya zama da hotunan masu rai a kaina ba. Ba raini ba ne, wallahi. In ka fi so, a shafe kawunan kawai, a bar sauran.”

“Kasuwa guda ba mai kai? Wannan ai kasuwar iskoki ce, ɗana. Wa zai shigo shi sayi waya?”

Har Abdulmajid sai da ya murmusa, amma bai sauya magana ba. Mahmuda ya ce a rataya labule. Abdulmajid ya ce labule iska ke ɗaga shi. Ya ƙara da cewa shi ya fara kawo wa aikin don girmamawa, in ba zai iya ba, akwai masu fenti a gari. Mahmuda ya ce, “Kada ka ba kowa. Ka ban lokaci.” Da yaron ya tafi, ya ce wa fadar, “Ina raye ba mai sa ƙarfe a fuskar Illo.”

Ya shiga neman hanya kamar mai neman ɓataccen akuya. Ya kawo magini ya duba ko za a iya yanko wurin fuskar, magini ya ƙwanƙwasa ya ce siminti ne siriri a kan tubalin ƙasa, ana taɓawa zai zube gari. Sani ya ɗauki hoton bangon da waya ya nuna masa, Mahmuda ya ture hannunsa ya ce wannan inuwa ce. Ya je wajen ’ya’yan Sahura, suka ce sun riga sun ba da ɗaki, su ma marayu ne da bakuna a gida. Abinci ya daina shiga. Ajuma ta ce in ya mutu a kan bango, ita ba za ta yi masa takaba ba, bangon ya yi.

Karatu dai bai tsaya ba, ko da yake yanzu jikin Mahmuda ne kawai a wurin. Ana nan ran nan Sani ya kai inda komiser ya shiga kicin ɗin ƙanwar mamacin, ya ga wani mummunan zanen albasa a kwano rataye kusa da murhu. Ya kira wata mai gyaran tsofaffin zane, ta jiƙa auduga ta goga gefe ɗaya a hankali. Albasa ta narke, sai ga idon matar nan mai gyaran kifi yana kallonsu. Ashe ƙanwar ce ta rufe zanen da fentin da ruwa ke wankewa, don kada magada su sayar da shi.

Fadar ta kaure da salati. Mahmuda ya miƙe tsaye.

“Maimaita, Mushe.”

Sani ya maimaita.

“Na ƙasan bai lalace ba?”

“Littafin ya ce ko ƙwarzane babu.”

Mahmuda bai jira shayi na uku ba. Ya shige rumfa ya jawo wani tsohon allon mai aski, ya dama lasho, farar hodar nan da ake shafa wa bangon masallaci, ya lafta a kan kawunan. Ya bar shi ya kwana biyu, ya wanke. Wayyo! Lasho ta cinye launin, fuskokin sun koɗe kamar masu ƙyasfi. Luƙman ya ce, “Baba, littafi fa ƙarya ce aka shirya.” Mahmuda ya ce, “Ƙaryar da ta san wankin burushi ba ta yi mini ƙarya a nan.” Ya gwada fentin ruwa na kanti, ya kama ya ƙi fita sai da kankara. Ya gwada farar ƙasa zalla, ta wanku tas, amma tana bushewa sai ta riƙa bin rigar mutum, jan fenti yana leƙowa ta ƙasa. Allunan masu aski sun ƙare, ya koma kan marfin tukwanen Ajuma.

A nan ne Ajuma ta fito da faɗa, ta tarar da shi tsugune a tsakar gida, fari fat har gira. Ta tsaya ta kalli kwabin, ta manta da faɗan, don ita ma gwana ce wajen yi wa ɗakin amare ado tun tana budurwa.

“Malam, wa yac ce maka haka ake dama farar ƙasa? Ina ƙaro?”

“Wane ƙaro?”

“Ƙaron icce mana! A jiƙa shi shi narke, a tace, a dama da shi. In ta bushe ko ka jingina ba ta bin ka. Ran da amarya ta gaji da ita, ruwan ɗumi da tsumma, shi ke nan. Shekara da shekaru kana fenti, wanga ma sai na gaya maka?”

Ya yi yadda ta ce. Shafi ɗaya, ya bari ya bushe, ya ƙara, ya ƙara. Ya goga da hannun riga, ba abin da ya biyo. Ya ɗaga wa rana, ba abin da ya leƙo. Ya bar shi ya sha zafi, sannan ya sa ruwan ɗumi. Launi ya fito ras kamar jiya aka shafa. Ajuma ta ce saura ya wanke mata marfin tukunyarta.

Luƙman ya ba shi shawara ya shafe kawai ya yi shiru, wa zai sani? Mahmuda ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ɓoye mutum a ɗakin wani. Ya sake shafe marfin, ya ɗauke shi da butar ruwa ya tafi wajen Abdulmajid, ya nuna masa komai a gabansa.

“Ba zan kankare ba. Rufewa zan yi. Bangonka zai yi fari, ba za ka ga kowa ba. Amma ka sani suna nan ƙasa.”

Abdulmajid ya juya marfin a hannunsa, ya ce zai tambayi malaminsa. Mahmuda ya koma gida bai iya zama ba. Washegari da hantsi yaron ya zo da kansa.

“Malam ya ce abin da aka rufe ba a ganinsa, ba a kafe yake ba. Na yarda, Baba. Amma da sharaɗi. Ko ido ɗaya ya leƙo, zan sa a kankare. Kuma muddin ina cikin ɗakin nan, ba mai sa mishi ruwa. Ni kuwa ba wucewa na zo yi ba, a nan nake son in tsufa.”

Mahmuda ya dubi yaron, baƙin gemu, ko talatin bai kai ba. Ya dubi bayan hannunsa. Ya gane abin da aka ce masa sarai.

“Na ji,” ya ce. “Allah shi ba ka tsawon rai, shi sa albarka a kasuwa.” Kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Ranar aikin, fadar gaba ɗaya ta tashi daga gindin dogon yaro ta koma ɗakin Sahura, da gawayi da butar shayi. Mahmuda ne ya ce su zo. Ya ce kowa ya kalla da kyau, ya riƙe inda kowane abu yake, don wata rana a sami mai cewa akwai mutane a bangon nan. Ya sa Luƙman ya maimaita masa yadda ake wankewa har sau biyu, ruwan ɗumi da tsumma mai laushi, ban da sabulu, ban da ƙarfe. Wannan karon Luƙman bai yi wasa ba.

Saura babin ƙarshe a littafin. Mahmuda ya ce, “Karanta, Mushe. Hannuna ya fi tafiya in ana magana.”

Sani ya buɗe. Komiser ya tara kowa a ɗakin da aka yi kisan, ya nemi kujera saboda gwiwarsa. Mahmuda ya fara daga sama. Dutsen ya tafi. Motar ta tafi da lodinta. Ya bi ta kan mai nono, ya ce mata sai wata rana. ’Yan kokawa suka shige ba wanda ya ka da wani. Komiser yana ta warware zance, yana wanke wannan, yana wanke wancan, fadar ta matso har gwiwoyi na haɗuwa, shayi ya tafasa ya zube ba wanda ya kula.

Mahmuda ya sauko ƙasa ta hannun dama. Ya durƙusa. Ya shafe kofin, ya shafe rigar, ya shafe hular. Saura fuskar, tana kallonsa daga cikin farin bango. Ya sa gefen rawaninsa ya share mata ƙura, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a hankali, “Maigida, ka yi haƙuri. Ba korarka na yi ba. Ka zamna nan, wani na zuwa.” Ya tsoma burushi. Hannun ya so ya ƙi, ya riƙe shi da ɗayan.

A bayansa fadar ta fashe. Mai awon hatsi yana ihu yana cewa shi dama ya faɗa, Luƙman yana ƙaryata shi, wani yana salati, Sani yana dariya yana cewa su bari ya ƙarasa. Luƙman ya juyo da murna.

“Baba Mahmuda! Ka ji wanda yay yi kisan? Wallahi ba ka taɓa zato!”

Mahmuda yana durƙushe, bayansa gare su. Gabansa bango ne fari, da danshi a wuri ɗaya daidai faɗin tafin hannu.

“Ban ji ba,” ya ce.

Sani ya ce ko ya maimaita masa. Mahmuda ya girgiza kai, ya goge ido da bayan hannu, farar ƙasa ta shafe masa kunci.

“Bari dai ta bushe tukuna. Saura shafi biyu.”